Na'urar Zainabu da Ta Ƙi Aiki a Jiratawa

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta ba. In na shiga ofis abokan aiki su tare ni, in na fito masallaci 'yan majalisa su tare ni, kowa tambayarsa ɗaya: "Malam Kabiru, wai yaya ka ga Nijar?" Na ba da labarin har maƙogwarona ya bushe, kuma uwargidana ta ce duk lokacin da na sake bayarwa sai ya ƙara tsawo. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi ya tsaya wuri ɗaya, kafin a wayi gari in ce a kan raƙumi na je.

Ga wanda bai san ni ba, ina koyar da aikin injiniya ne, fannin injuna, a wata kwalejin fasaha a nan jihar Katsina. Na daɗe ina wannan aiki, amma ban taɓa tsallaka iyaka ba, alhali Maraɗi ta fi mini Kaduna kusa nesa ba kusa ba. Wanda ya jawo tafiyar shi ne Mushe Isufu, malamin injiniya a wata babbar makaranta ta can. Mushe shi ne malamin boko a bakinsu. Mun haɗu a wani taron malamai, muka yi gardama kamar za mu doki juna, muka rabu muna abokai. Rannan sai ga wayarsa.

"Malam Kabiru, za mu yi sutanans, ina son ka zo ka zauna cikin juri."

"Za ku yi me? In zauna cikin me?"

Ya yi dariya har sai da na janye wayar daga kunnena. Ashe sutanans ita ce ranar da ɗalibi ke kare aikin bincikensa na ƙarshe, juri kuma su ne malaman da ke yanke masa hukunci. Na ce masa ni Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Ya ce ba komai, ai injin ba ya jin Faransanci, kuma zai riƙa yi mini tafinta.

Ina da wani famfon ban ruwa da na sa aka tsaga mini gida biyu, don in riƙa nuna wa ɗalibai cikinsa. Na ce ba zan je garin mutane hannu sake ba, sai na naɗe shi a tsohon bargo na sa a buhu. Daga Katsina zuwa Jibiya lafiya lau, in ban da wata Hajiya da ta ɗora mini kwandon atamfofi a cinya ba ta ko tambaye ni ba. Muna tsallakawa muka isa wajen 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu. Wani dogo mai gashin baki ya ɗaga buhuna, ya ji nauyi, ya dube ni.

"Mushe, mene ne a ciki?"

"Rabin famfo ne."

"Ina ɗaya rabin?"

"Yana ofis."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya kira abokan aikinsa, aka kwance bargo, suka kewaye abin. Na ga dai babu mafita sai in yi abin da na iya. Na ɗora famfon a kan benci, na juya farfelar da yatsa, na nuna musu inda ruwa ke shiga da yadda farfela ke wurga shi sama. Kafin in ankara direbanmu da masu sayar da rake da Hajiyar atamfa duk sun taru. Mai gashin bakin ya ce, "Tsaya, tsaya! To ni na gidana me ya sa yake kuka amma ba ya kawo ruwa?" Na ce iska ya sha, na gaya masa yadda zai cika shi da ruwa kafin ya tayar. Ya buga mini hatimi da kansa, ya raka ni har mota yana riƙe da buhun. Wallahi a duk shekarun koyarwata ban taɓa samun ajin da ya saurare ni haka ba.

A tashar Maraɗi na ɗaga hannu ina kiran "Acaɓa!" Babu wanda ya waiwayo. Wani dattijo ya ce, "Baƙo, kabu-kabu ake cewa." Ina faɗin kabu-kabu babura suka yo kaina ta ko'ina kamar an watsa wa kaji tsaba. Wanda ya ɗauke ni ya aza rabin famfon a kan tanki, muka ratsa tsakanin manyan motocin hatsi da amalanken shanu, ni ina salati shi yana hira da wani mai babur da ke gefenmu, har ƙofar gidan Mushe Isufu.

A ɗakin baƙinsa na sauka. Mutanen Maraɗi Hausarmu ɗaya da su, har yadda suke lanƙwasa harshe irin na Katsinawa ne, sai dai kana cikin jin daɗin hira za su jefo maka wata kalma ka tsaya cak. Makaranta lakkwal ce, asibiti likita ce, likitan kuma lokotoro. Da safe aka kawo mini burodi dogo siriri, tsawonsa ya kai kamu biyu, bayansa da tauri. Na rasa ta inda zan fara. Maiɗakin Isufu, Hajiya Rabi, ta leƙo ta ga ina juya shi kamar sanda, ta ce, "Malam, karyawa ake yi, ba ya rama duka." Da rana kuwa dambun zogale ta yi mana, wanda har yau in na tuna sai na haɗiyi yawu.

Washegari muka shiga aji. Abin da na fara lura da shi, Isufu ba ya ba da baya yana cika allo da rubutu kamar yadda muka saba. Tun farkon shekara yake raba ɗalibansa ƙungiya-ƙungiya, ya tura su ƙauyuka da lambuna su nemo matsala da ƙafarsu. Abin da suka samo shi ne darasin. Lissafin da ke cikin littafi sai ya shigo a lokacin da suka buƙace shi. Kuma yana da doka guda: duk abin da ka ƙera, sai ka iya bayyana shi da Hausa ga wanda zai yi aiki da shi, in ba haka ba ba ka gama ba.

Wani ɗalibi ya tashi yana bayanin rijiyar da suka auna, ya rubuta zurfinta a allo: 12,500. Na zabura na miƙe.

"Mita dubu goma sha biyu da ɗari biyar? Kai, ɗan samari, rijiya kuka haƙa ko hanyar zuwa wata duniyar?"

Ajin ya fashe da dariya gaba ɗaya. Isufu ya dafa bango yana share hawaye. Ashe su inda muke sa ɗigo a lissafi waƙafi suke sawa. Mita goma sha biyu da rabi ce rijiyar bawan Allah. Ban gama farfaɗowa daga wannan ba na ga takardar gwajin wata yarinya an rubuta mata goma sha biyar. Tausayi ya kama ni, na matsa kusa na ce ta yi haƙuri, faɗuwa ba ƙarshen rayuwa ba ce. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Mushe, ni ce ta ɗaya." A kan ashirin suke ba da maki, ba a kan ɗari ba. Daga nan na ɗaure bakina.

Da muka fito Isufu ya nuna mini wani dattijo siriri mai farin gilashi yana tafiya kamar an auna masa taku. "Farfesa Lawali ke nan," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Shi zai shugabanci juri. Ya ce abin da nake yi yawon buɗe ido ne ba koyarwa ba. In ɗalibaina ba su yi abin kirki ba a wannan karon, zai kai magana a mayar da ni kan allo da alli." Na ce ashe ba don kyan fuskata kaɗai aka gayyato ni ba.

Da la'asar muka tafi Tsibiri, wadda ba ta da nisa da gari, inda wata ƙungiyar ɗaliban ta kai injin sussukar gero don mata su gwada. Ni kuwa na caɓa ado da farar shaddata ta zuwa biki. Matan suka ce in matsa gefe. Na ce ai ni malamin injuna ne, sai na ga yadda yake aiki da idona. Na je na tsaya daidai bakin da ƙaiƙayi ke fita. Aka tayar da inji. Wanda ya san ƙaiƙayin gero ya san abin da ya same ni. Ya shiga wuyana, ya shiga hannun riga, ya shiga wuraren da ba zan rubuta ba. Na riƙa tsalle ina susa, matan suna tafi suna cewa baƙo ya iya rawa. Wata tsohuwa ta ba ni ƙwaryar fura ta ce in sha in huce. Ina sha ina susa ina jin su suna yi wa ɗaliban gyara: bakin zuba zangarniya ya yi tsawo, sai mace ta yi ɗage, ƙarar ta yi yawa, ba a jin kukan yaro a goye. Ɗaliban suna rubutawa kamar ana yi musu wahayi. A wajenmu, na tuna, injunan da ɗalibai suka ƙera a bayan ɗakin gwaji suke ƙarewa, kaji na ƙwai a ciki.

Kwana ɗaya kafin sutanans muka je Jiratawa. Wurin ya ba ni mamaki: kana fitowa daga jan rairayi sai ka faɗa cikin kore shar, zogale da tattasai da ayaba, ruwa na gudu a magudanai. A nan na haɗu da Zainabu, ɗalibar da Isufu ya fi ji da ita, doguwa mai fara'a, ta ɗaure ƙugu da mayafi ƙafafunta duk taɓo.

Ta nuna mini aikinta. Manoman wurin da yawa suna jawo ruwa da famfo mai aiki da hasken rana. Farantin solar, wanda su ke kira panno, in ya yi zafi sosai ƙarfinsa yana raguwa. Sai ta ƙera wata na'ura ta siraran bututu da ake maƙalawa a bayan farantin, ruwan da famfo ya jawo ya bi ta ciki ya sanyaya shi kafin ya wuce lambu. Na tafa hannu na ce, "Kai, wannan dabara ce! Yarinya, kin gama da su."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mushe, ba ta aiki."

Ta kai ni wajen famfuna biyu da ta jera, ɗaya da na'urar ɗaya babu. Rani guda ta yi tana auna ruwan da kowanne ke kaiwa lambu. Farantin yana yin sanyi, gaskiya ne, ƙarfinsa ma yana ɗan ƙaruwa. Amma wahalar tura ruwa ta siraran bututun tana cinye ƙarin, ga yashi da ke toshe su. A ƙarshe ruwan da ke isa ga shuka bai fi na ɗayan ba, wata rana ma bai kai ba.

"Kuma ba wannan ne ya dame ni ba," in ji ta. "Baba ne."

Mahaifinta, Alhaji Sani, babban ɗan kasuwa ne mai kamiyo-kamiyo, wato manyan motoci, da ke kai kaya har bakin teku. Tun ranar da ya ga zanen na'urar ya kamu da sonta. Ya riga ya sa maƙera sun fara kwaikwayonta, ya gaya wa abokansa 'yarsa ta ƙirƙiro abin da za a sayar daga nan har Agadas. Duk lokacin da ta buɗe baki za ta gaya masa, sai ya ce, "Abu, bar shi sai ranar, ina son in ji tare da jama'a."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "A can wajenku, in gwaji ya ƙi ba da abin da ake so, yaya ɗalibai ke yi?"

Na san amsar sarai. Da yawa sukan zauna a ƙarƙashin bishiya su gyara lambobin har su yi kyau. Na dubi Isufu, wanda aikinsa ke rataye a kan abin da za ta faɗa gobe. Ya kawar da kai yana kallon ayaba. Na ce mata, "Wasu suna shafa wa lambobin mai. Ke me kike so ki yi?"

Ta ce, "Na riga na rubuta yadda yake. Tsoron faɗa kawai nake ji."

Ranar sutanans na sha mamakin da ya fi na kowace rana. A wajenmu ɗalibi ne shi kaɗai yake shiga ɗaki, a rufe ƙofa, malamai su yi masa tambayoyi ya fito yana gumi. A Maraɗi biki ne sosai. Zauren ya cika maƙil: iyaye, gwaggwanni, maƙwabta, mata sun sha lalle, kulolin abinci jere a bakin ƙofa. Alhaji Sani ya zo da abokansa Alhazai, suka cika layin gaba da manyan riguna da ƙamshin turare. Mu kuma 'yan juri aka zura mana wasu baƙaƙen alkyabbu masu faɗin hannu. Tawa ta yi mini yawa, ina tafiya ina take bakinta, amma yadda jama'a suka miƙe tsaye da muka shigo ya sa na ji kamar in roƙa a bar mini ita.

Zainabu ta fara da Faransanci, Isufu na raɗa mini fassara a kunne. Layin gaba ba su jin komai, amma duk lokacin da hoton na'urar ya fito a bango sai su gyaɗa kai, Alhaji yana waiwaye yana murmushi. Sai aka zo wajen dokar Isufu. Ta ajiye takarda, ta juyo ta fuskanci jama'a, ta koma Hausa. Ta bayyana dabarar tiryan-tiryan, ta bayyana gwajin, sannan ta ce, "Abin da na gano shi ne, wannan na'ura ba ta ƙara wa manomi ruwa. Duk wanda ya saye ta, ya sayi wahala. Ina ba da shawara kada a ƙera ta."

Wata gwaggo da ta ɗauko guɗa ta haɗiye ta a tsakiya. Murmushin Alhaji ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai tafi ba. Na saci kallon Isufu, na ga gumi na bin gefen kunnensa.

Farfesa Lawali ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Ya shiga jefo mata tambayoyi, kuma abin mamaki da Hausa. Ta tabbata ba ɗaya famfon ne ya fi ɗaya ƙarfi tun asali ba? Ta ce ta musanya su, ta mayar da na'urar kan ɗayan, sakamakon bai sauya ba. A lokaci guda take aunawa? Ta ce a lokaci guda, kullum. Ta gwada bututu masu faɗi? Ta ce ta gwada, sai sanyin ya ragu. Duk ƙofar da ya taɓa ya tarar ta riga ta shiga ta fito. Da aka ce in yi tawa tambayar, duk abin da na shirya ya gudu, sai na ji bakina ya ce, "Ba ki ji kamar ki jefa ta a rijiya ba?" Ta ce, "Na ji, Mushe, amma da ta toshe rijiyar." Zauren ya yi dariya, aka ɗan sami numfashi.

Muka shiga ɗan ɗaki don shawara. Na shirya faɗa, na ma naɗe hannun alkyabba. Farfesa ya zauna, sannan ya ce, "Na daɗe ina zama a wannan kujera. Kowace shekara injuna ake kawo mini da suka yi nasara a takarda, ban taɓa ganin ko ɗaya a gona ba. Yau ne aka kawo mini bincike." Ya juya ga Isufu. "Har yanzu ina ganin kana yawo da yara da yawa. Lissafinsu na son ƙari, zan kuma ci gaba da faɗa. Amma ka ci gaba da yawon." Isufu ya kama hannuna yana girgizawa kamar ni na yi maganar.

Da muka fito kowa ya miƙe. Farfesa ya sanar cewa Zainabu ta ci da daraja mafi girma, tare da jinjinar juri. Gwaggon nan ta saki guɗar da ta riƙe, sauran mata suka amsa, har gilashin taga na rawa. Amma Zainabu mahaifinta take kallo. Alhaji Sani ya taso a hankali ya zo gabanta.

"Abu, wato abin nan ba ya aiki?"

"Ba ya yi, Baba."

"Kuma kin sani tun tuni?"

"Na yi ta son in gaya maka, kana cewa sai ranar."

Sai ya juya ga abokansa ya ɗaga murya. "Alhazai, ku gaya mini, a cikin yaranku na kasuwa wa ke da wanda zai dube shi ido da ido ya ce kayan nan ba za su karɓu ba, tun kafin a yi lodi? Ni kullum sai kamiyo ya kai Agadas nake jin gaskiya!" Alhazan suka bushe da dariya suna "Wallahi haka ne!" Ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ita kuwa sai a lokacin hawaye suka zubo mata, tana kuka tana dariya.

An ci an sha a gidan Alhaji har na kasa tashi daga tabarma. Da zan tafi ya sa aka cika mini jaka da kilishi, sannan ya sa aka fito da ɗaya daga cikin na'urorin da maƙeransa suka riga suka ƙera. "Malam, ga tsaraba," in ji shi. "Ina da su da yawa, kuma an ce kada in sayar."

Ranar Litinin na shiga ajina da ita a kafaɗa. Ɗalibaina sun buɗe littattafai sun riƙe biro, suna jiran in juya baya in fara cika allo, wasu har sun gyara zaman gyangyaɗi. Na dire ta a kan tebur, na bayyana musu abin da aka ƙera ta don ta yi. Na ce, "Wannan na'ura kyakkyawa ce, wadda ta ƙera ta ta fi ku duka ƙoƙari, kuma ba ta aiki. Ku gano mini dalili."

Suka dubi juna. Wani daga baya ya ce, "Malam, a wane shafi amsar take?"

Na ce babu shafi. Sai na ji ƙarar kujera, wata yarinya ta taso ta zo ta leƙa cikin bututun, wani ya biyo ta, wani ya ce a ba shi hanya shi ma ya gani. Har lokacin darasin ya ƙare malamin da ke da darasi na gaba yana tsaye a bakin ƙofa yana buga agogonsa, babu wanda ya ko waiwaye shi.